Alhamdulillah mun iso gida, godiya ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah, Alhamdulillah, mun shigo gida Bronx, a birnin New York na Amurka, lafiya daga Greensboro ta jihar North Carolina, ni da Abban yara da yaran duka uku, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Sai yanzu na samu natsuwar riƙe waya, jikina duk ciwo yake wallahi, masu turo saƙo da masu kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri don Allah, ba share ku na yi ba.

Ba sai na maimaita komai ba, yawancinku kun bi mu a status da guruf tun daren Litinin ɗin nan, 3 ga Janairu 2022, kuma kun gani a labarai yadda hanyar I-95 ta toshe a jihar Virginia, kusan mil 50 tsakanin Richmond da Washington motoci tsaye cak. Masu cewa me ya fito da mu da ƙananan yara, ranar Lahadi fa a Greensboro ko rigar sanyi yara ba su sa ba, garin da ɗumi. Ruwan sama ne ya fara sauka, shi ya sa aka ce ba a zuba wa titi gishiri ba tunda ruwan zai wanke shi, sai kawai ya juye dusar ƙanƙara, wajen Fredericksburg ta kai kusan ƙafa guda, tireloli suka zame suka gindaya hanya, shi ke nan. Har Tim Kaine, sanatan jihar Virginia, awa 27 ya yi a cikin wannan cunkoso, balle mu.

Abin da ba zai fita raina ba shi ne tsakar dare. Mai ya yi ƙasa sosai, Abban yara sai ya tada mota na ɗan lokaci hita ta ɗumama mu ya kashe, kuma duk sanda zai tada sai ya fita cikin sanyin nan ya tone ƙanƙarar da ta taru a bakin salansa da hannunsa, don idan ta toshe hayaƙin ciki yake dawowa, mutum yana barci ya mutu bai sani ba. Ruwan filas ya huce, auta ta ƙi karɓar madara mai sanyi, ta yi kuka ta yi kuka har muryarta ta dishe, sai kuma ta yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi kukan tsorata ni. Na cusa ta cikin rigata fata da fata na rufe mu da hijabi da bargo ɗaya tilo, na taɓa yatsunta na ji sanyi ƙalau, ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, babbar 'yata tana tambayata Mama nan za mu mutu? Na ce mata a'a Allah Yana nan, amma ni kaina bakina rawa yake.

A haka aka ƙwanƙwasa gilashi. Wani dattijo ne baƙar fata, direban tirelar da ke gefenmu, da tocila a hannunsa, ya ce ya ji kukan jariri ɗazu kuma ya daina ji shi ya sa ya sauko. Ya ce motarsa akwai gado a bayan kujera, akwai hita, tankinsa cike da dizal, mu taho. Na kalli Abban yara, mace ce ni, baƙo ne, dare ne, kun san dai. Bawan Allahn nan kamar ya karanta zuciyata, ya ce maigida ya shiga da mu gaba ɗaya shi zai zauna a kujerar gaba ya ja labule. Da kansa ya saɓa yaron a kafaɗa ya haura da shi matakalar nan mai santsi. Ya dafa ruwa a 'yar butar lantarki ya miƙo ta ƙasan labule bai ko leƙo ba, auta ta shanye madararta tas, na ji ƙafafunta sun fara ɗumi, a nan ne na fashe da kukan da nake dannewa tun magariba. Da asuba ya ga mun yi taimama muna salla a zaune sai ya kashe rediyonsa. Kuɗi kuwa ya ƙi karɓa ƙememe, ya ce shi ma yana da jikoki. Sunansa yana wurina kuma yana cikin addu'ata. Ya Allah Ka tsare shi a duk hanyar da zai bi, Ka ba shi lafiya, Ka tsare masa jikokinsa kamar yadda ya tsare mana namu, Ka haskaka zuciyarsa da shiriya.

Masu tambaya ko mun samu burodin nan da aka nuna ana rabawa daga motar wani kamfani na Baltimore, a'a, su suna hannun masu tafiya kudu ne, mu biskit da lemon zaƙin da Goggo ta cusa mana a but muka ci, ina ta cewa ya isa haka Goggo tana ƙarawa. Goggonmu ta Greensboro, na san ba kya son a ambace ki amma sai na ambata, Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi. Yaya na Woodbridge da Anti matarsa, da hanya ta buɗe ranar Talata ku kuka kwashe mu, kuka bar mana ɗakinku kuka kwana a falo, Anti ta yi wa yara wanka da ruwan zafi ta dama mana kunun gyaɗa, ta wanke kayan da suka ɓata ba ta ko yamutsa fuska ba, ban san da wane baki zan gode muku ba. Malam limamin masallacinmu da ya sa aka yi mana addu'a bayan asuba, matan Islamiyya da suka raba izu suka sauke Alƙur'ani a daren, da Hajiyarmu a gida da ba ta runtsa ba tana kan sallaya har gari ya waye can, Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Akwai kuma na jiki, waɗanda na ga sun buɗe status ɗina ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, amma ko "ya jikin yara" ba su iya turowa ba har yau. Ba komai. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, Allah Ya bar zumunci.

Ya Allah duk wanda ya kira, ya turo saƙo, ya ɗaga hannu ya roƙa mana, Ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira, Ka raya masa zuri'a, kar Ka nuna masa dare irin wannan da 'ya'yansa. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Auta tana ɗan tari, likita ya duba ya ce mura ce kawai, a ci gaba da sa ta a addu'a. Ranar Juma'a in sha Allahu za mu kai sadakar abinci masallaci bayan an sauko, na kusa ku zo mu gaisa.