Yadda Na Gyara Allon Mitocin Motata

Matsalar ta fara ne a hankali. Ina cikin tafiya sai allurar gudu ta faɗi zuwa sifili, allurar mai ta bi bayanta, fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, alhali injin yana aikinsa lafiya ƙalau. Da zarar na bugi saman dashbod da tafin hannu, sai komai ya dawo daidai. Na shafe watanni ina wannan bugu, har na fara shirin sayen wani allon, kafin na lura cewa bugun ne yake nuna mini inda cutar take, domin na'urar da ta ƙone ba ta farfaɗowa da mari, kuma abin da ke amsa mari bai wuce wayar da ta saki ko dalmar da ta tsage ba.

Na fara da abubuwa masu sauƙi. Fiyus bai tsinke ba, batir ya nuna volt 12.6 a kashe, da kusan 14 bayan an tayar da inji, saboda haka na cire dainamo, na'urar da ke yi wa batir caji, daga zargi. Na kankare tsatsar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar, amma allurorin ba su daina faɗuwa ba.

Daga nan na cire kan batir mai alamar ragi, na dakata wasu mintoci don kada jakar iskar kariya da ke cikin sitiyari ta buɗe, sannan na kwance allon na zare soket ɗinsa. Da ido kawai ban ga komai ba. Sai da na sa gilashin ƙara girma a ƙarƙashin fitila na hango wani siririn zobe, kamar silin gashi, ya kewaye dalmar ƙafafu uku na soket ɗin; zafi da sanyi da jijjigar shekaru ne suka tsaga ta. Na narka tsohuwar na ƙara sabuwa a kan dukkan ƙafafun, tunda wadda ba ta tsage yau ba tana kan hanya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi nawa ne: lokacin kwance allon na zare allurorin ba tare da na yi alamar mazauninsu ba. Da na mayar, sai tankin da na cika ya riƙa nuna rabi, dole na sake kwancewa, na jona allon babu murfi, na murɗa makulli, na dasa allurar a kan alamar cika. Daga baya kuma na gane cewa sayen wani allon ma da nasa ciwon kai, domin a motoci da yawa lissafin kilomita a cikinsa yake ajiye, a wasu kuma yana haɗe da na'urar gane makulli, ta yadda motar ba za ta tashi ba sai an saita shi da kwamfuta.

Allurorin ba su sake faɗuwa ba, sai dai tambarin babban yatsana yana nan a cikin gilashin, kusa da lamba 80, kuma ba ni da niyyar sake kwance allon saboda shi.