Godiya Bayan Kare Kundina Kan Siffa Da Maganaɗisu

Alhamdulillahi, an kare kundi, an sa hannu. Jikina har yanzu bai dawo daidai ba, amma ba zan iya kwanciya ban yi godiya ba. Kun san duk abin da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Wuri ɗaya zan tsaya, don shi ne ya kusa karya ni. Aikina gaba ɗaya ya rataya ne a kan oksayid ɗin seriyam, wato sinadarin da ya haɗa ƙarfen seriyam da oksijin. Idan yana dunƙule ba ruwansa da maganaɗisu, amma in aka mayar da shi ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) sai ya soma nuna ɗan jan maganaɗisu, ko da a zafin ɗaki. Masana a Bangalor ta Indiya sun ba da rahoton haka tun 2006. Ni siffar ƙwayoyin na bi. Sinadari ɗaya ne, tukunyar matsi ɗaya: a zafin digiri 100 cikin ruwan soda mai ƙarfi ƙwayoyi masu siffar sanduna ke fitowa, a 180 masu fuska shida, in aka tsinke sodar kuwa masu fuska takwas. Fuskokin sanduna da na masu fuska shida sun fi saurin sakin oksijin. Duk oksijin da ya fice yakan bar ilektiron biyu, seriyam biyu na kusa su raba, kowanne ya riƙe guda mara aboki, kuma daga nan ake ganin jan ke tasowa. Masu fuska takwas sun riƙe oksijin ɗinsu gam, su ne suka fi rauni a awona.

Sai mai jarrabawa na waje ya rubuto layi ɗaya: ta yaya ka tabbatar ba baƙin ƙarfe kake aunawa ba? Wallahi da na karanta sai da na zauna a ƙasa. Tambayar tana kan hanya, domin jan ƙanƙane ne ƙwarai, har 'yar ƙurar da hantsakin ƙarfe ke bari tana iya haifar da irinsa. Ga hiliyam ɗin da ke sanyaya SQUID, na'urar auna maganaɗisu, ya kusa ƙarewa, ga masu jira sun cika jeri.

Malama mai kula da ɗakin awo, na san ba kya son a ambace ki, ki yi haƙuri. Ke kika dawo da dare bayan kin tashi aiki, kika ciro sabon hantsakin roba daga ledarsa, kika ce in sa safar hannu in auno garin daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Kika fara auna bututun robar shi kaɗai, babu komai ciki, don a san abin da yake kawowa. Sannan sandunan. Muka zuba wa allo ido, ɗigo na sauka ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa. Da layin tafiya da na dawowa suka rabu a tsakiya kamar yadda suka yi a awon farko, alamar jan na nan ko da hantsakin ƙarfe bai taɓa garin ba, cewa kawai kika yi, "Je ka kwanta." Washegari kika aika sauran garin a duba ƙarfe a ciki. Allah ya saka miki da Aljanna, ya raya miki zuri'a, ya yaye miki duk abin da ke damunki.

Ƙanwata a ɗakin bincike, mai aikin oksayid ɗin gadoliniyam, lokacinki na amfani da na'urar kika ba ni. Kika ce naki garin mai ilektiron bakwai marasa aboki ba ya ɓuya, zai jira. Allah ya sa ki kare naki cikin sauƙi. Malamina da ya duba aikin, Allah ya ƙara girma da lafiya. Shi ma mai jarrabawan na gode masa, tambayarsa ce ta sa kundin ya tsaya da ƙafafunsa.

Innata da ba ta daina addu'a ba, mai ɗakina da ta riƙe yara ita kaɗai, Allah ya ba ni ikon kyautata muku. Akwai 'yan uwan da na aika wa hanyar shiga ta intanet, na yi ta duba sunayensu a allo har aka tashi. Na san uzuri ba ya ƙarewa, Allah ya bar zumunci.

Waɗanda suka nemi kwafin kundin, ku ɗan ba ni lokaci in gama gyare-gyaren da aka ba ni, zan turo muku in sha Allahu.