Yadda Na Koyi Tsare Motata Mai Ƙofa Biyu a Birnin Kano

A ƙarshen shekarar 2022 na sayi Ford Mustang ja, ƙirar 2016, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano, bayan na shafe shekaru ina tara kuɗinta ina kuma shan faɗan 'yan uwa da ke ganin sayen mota mai ƙofa biyu ga magidanci almubazzaranci ne. Dillalin ya miƙo mini takardu da makulli guda ɗaya tak, na tambaye shi ina ɗayan, ya ce a haka ta zo. Ban ƙara tunanin zancen ba, domin a ranar hankalina yana kan ƙugin injin da yadda yara ke bin ta da kallo a kan titin gidan zu.

Tunanin da na fara da shi shi ne irin wannan mota ba ta satuwa a Kano. Ɓarawon mota yana son abin da zai ɓace a cikin dubu, kamar Corolla ko Camry ko Hilux, wanda zai iya sauya wa lamba ya bi da shi ta Daura ko Maigatari ya tsallaka Nijar, ko kuma ya wargaza shi ya sayar da kayan a kasuwa babu mai tambaya. Jar mota mai ƙofa biyu kuwa, duk shataletalen da ta ratsa sai an ɗaga kai. Akwai gaskiya a cikin wannan tunani, amma rabin gaskiya ce, domin abin da ya sa motar ke da wuyar ɓoyewa shi ne kuma ya sa kayanta ke da tsada. Madubinta na gefe ko fitilarta ta baya ba abubuwa ne da za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko a shagon farko ba, sau da yawa sai an aika Legas ko an yi odarsu daga waje, kuma masu kwance kayan mota sun fi mai motar sanin haka.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne wata Juma'a a wajen ɗaurin auren wani abokin aikina a unguwar Hotoro. Na iso a makare, layin masallacin ya cika, sai na zagaya na ajiye motar a wani lungu inda babu shago babu mai tebur, na ma ji daɗin samun inuwar wata darbejiya. Na danna rimot ina tafiya ina amsa waya, ban waiwaya ba. Da aka shafa fatiha aka gama gaisawa, wanda bai wuce minti arba'in ba, na dawo na tarar da ƙofar direba a sakaye, babu alamar an fasa gilashi ko an ɓalle wani abu. An ɗauke jakar kwamfutata daga kujerar baya, an zazzage aljihun gaba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne murfin robar da ke ƙarƙashin sitiyari yana lilo, an fincike shi an bar shi rataye da ƙugiya ɗaya. Na tsaya ina kallon murfin nan, babbar rigata tana jan ƙasa, ban san ma'anarsa ba, amma jikina ya ba ni cewa wanda ya shiga motar ba jaka kaɗai ya zo nema ba.

Washegari na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran wayoyin mota, irin waɗanda ake kira rewaya, wanda mahaifina ya daɗe yana hulɗa da shi. Ya durƙusa ya leƙa da tocila, ya ɗago ya tambaye ni ko na ji ƙarar kullewar ƙofa lokacin da na danna rimot. Na ce, "Wallahi Baba, ban kula ba." Ya ce, "To ɗana, ba su buɗe maka mota ba, kai ne ba ka rufe ta ba." Ya bayyana mini cewa akwai wata 'yar na'ura da mutum ke riƙewa a aljihu, wadda ke toshe saƙon rimot kafin ya isa motar, mai mota ya danna ya tafi yana zaton ya kulle. Sannan ya nuna mini wata kafa mai ramuka goma sha shida a ƙarƙashin sitiyarin, wadda ake kira OBD, inda bakanike ke jona kwamfutarsa ya gano ciwon mota. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da ita. Ta wannan kafar ce kuma wanda yake da kayan aiki zai iya gabatar wa motar da sabon makulli ta karɓe shi kamar nata. A ganinsa ko dai lokaci ne ya ƙure musu, ko wani ya gifta suka tsorata.

Daga nan ya yi mini tambayar da na kasa amsawa, wato makullai nawa motar ta sani. Irin waɗannan motoci suna fitowa daga kamfani da makulli biyu, kuma ƙwaƙwalwar motar tana riƙe da su duka ko da ɗaya ya ɓace. Da muka je wajen wani mai kwamfuta da Baba ya amince da shi, aka duba, sai ga shi motar ta san makullai uku, ni kuwa ɗaya ne a hannuna. Mai yiwuwa sauran biyun suna cikin wata durowa a Amurka, mai yiwuwa kuma suna hannun wani da motar ta ratsa ta wajensa tsakanin tashar jiragen ruwa da Kano. Aka goge su gaba ɗaya, aka yi wa sababbi biyu rajista a gabana. Wannan shi ne aikin da ya kamata in yi a makon da na sayi motar, kuma shi nake fara faɗa wa duk wanda ya sayi 'yar Kwatano mai makulli ɗaya, domin duk kwaɗon da za ka saya daga baya aikin banza ne muddin wani yana yawo da makullin da motarka ke gaisawa da shi.

Baba ya kwance kafar OBD ɗin ya mayar da ita wani wuri a bayan dashbod, sannan ya haɗa wani ɓoyayyen maɓalli da ke yanke wutar famfon mai, ta yadda ko an sami makulli injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Da zai yi wannan aiki sai da ya aiki yaransa biyu sayen abinci, ya kuma ce in juya motar ta fuskanci bango. Na yi masa wasa na ce ai yaransa ne, ya ce amana ba ta hana taka tsantsan, kuma sirrin da mutum huɗu suka sani ya zama labarin gareji. Har yau mu biyu ne muka san inda maɓallin yake, sai mai ɗakina da na nuna wa saboda halin rayuwa.

Akwai wata dabarar kuma da ta shafi motocin da ake tayarwa da maɓalli, waɗanda ke buɗewa da zarar makulli ya matso. Mutum biyu ne ke yin ta: ɗaya ya tsaya jikin bangon gida ko taga da na'urar da ke kama siginar makullin da ke ciki, ɗayan kuma ya tsaya jikin mota da wata na'urar da ke maimaita siginar, sai motar ta ɗauka mai ita ne ya iso. Ni kuwa a kan wata ƙusa kusa da tagar falo nake rataye makullina, taku kaɗan daga inda motar take kwana. Maganin abin shi ne a sa makulli cikin abin da sigina ba ta ratsa shi. Na ɗauko tsohon gwangwanin madara daga kicin na jefa makullin ciki, na rufe, na je na taɓa hannun ƙofar motar, sai ta buɗe kamar ba a yi komai ba, saboda murfin gwangwanin na roba ne. Na sake gwadawa da wani ƙaramin gwangwanin alewa mai murfin ƙarfe da ke kama baki sosai, wannan karon na ja hannun ƙofa sau uku motar ta yi shiru. Tun daga ranar makullan biyu a cikinsa suke kwana, a ɗakin ciki, kuma lokaci zuwa lokaci nakan sake gwajin, domin murfi yana sakewa idan ya tsufa.

Sandar ƙarfen da ake kulle sitiyari da ita ce abokaina suka fi yi mini dariya a kanta, suna cewa na mayar da motar tsere tasi. Na san ƙwararre zai iya yanke ta, ko ma ya yanke sitiyarin kansa. Amfaninta shi ne ana hango ta daga waje, launin rawaya ce, kuma tana gaya wa mai leƙe cewa aikin nan zai ci lokaci kuma zai yi ƙara. Duk abubuwan nan da na lissafa ban ɗauke su katanga ba, mintoci nake saye da su, kuma a kan titin Kano mai cike da jama'a minti goma na ƙarin wahala ya isa ya sa ɓarawo ya nemi wata.

A gida na sauya yadda nake shigar da ita. Mustang da tayoyin baya take tafiya, kuma idan aka sa giya a P aka ja birkin hannu, tayoyin bayan ne ke kullewa, saboda haka wanda ya zo da janwe zai so ya ɗaga bayanta ya ja ta a kan na gaba. Yanzu da baya nake shiga har sai ta kusa taɓa bango, in murɗe sitiyari har ƙarshe, sannan in lulluɓe ta da rigar mota mai launin toka, wadda ke tare ƙurar hunturu kuma ke hana mai leƙe ta ƙofar gida sanin abin da ke ciki. Kowace taya na sa mata noti ɗaya wanda ba ya kwancuwa sai da kansa na musamman, kuma kan notin ba a cikin motar yake zama ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne gajartarta, wadda ke sa ni hawa kowane tudun rage gudu a karkace cikinta yana karce, ita ce ta zame mini kariya daga masu yanke tukunyar tace hayaƙin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi. Ana satar ta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta irin su filatinam, amma babu wanda zai iya kutsawa ƙarƙashin wannan mota sai ya kafa jak.

Inda na fi jin kunya shi ne batun tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take. Na biya aka sa mini ita, na yi kwana biyu ina buɗe waya ina kallon ɗigon motata a kan taswira, daga baya na manta da ita. Bayan watanni, wata rana na buɗe manhajar don in nuna wa ƙanena, sai na ga motar wai tana Farm Centre, alhali ina zaune a cikinta a Kabuga. Da aka bincika, ashe layin wayar da ke cikin na'urar ya daɗe da mutuwa, domin ban sa masa kati ba, kuma da sunan yaron da ya haɗa ta aka yi masa rajista, ba da lambar NIN ɗina ba. Watanni kenan ina yawo da kwanciyar hankalin ƙarya. Na sayi sabon layi da sunana, na sa ranar ɗaya ga kowane wata ta zama ranar duba shi, na kuma ƙara wata ƙaramar tiraka mai batirin kanta a wani wuri dabam, saboda wanda ya san aikinsa yakan fara da cire kan batir ya nemo ta farko.

Ta ɓangaren takardu, na ɗauki hoton lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da lambar inji, da takardun kwastan, na adana kwafinsu a gida da cikin waya, na daina barin na asali a aljihun mota. Inshorar da yawancinmu ke yi don 'yan sanda, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta san zancen sata ba. Cikakkiyar inshora kuwa tana ɗaukar sata, kuma mafi ƙarancin kuɗinta kashi 5 cikin ɗari ne na darajar motar a shekara. Na daɗe ina jinkiri saboda nauyin kuɗin da kuma shakkun da nake da shi ta fuskar addini, har na zaɓi tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, na kuma zauna na karanta sharuɗɗan layi bayan layi kafin in sa hannu.

Amma abin da ya fi sauyawa a wajena shi ne inda nake tsayawa da wanda nake miƙa wa makulli. Na daina neman inuwa a lungu, gara rana ta dake ta a gaban mai shayi ko mai faci, in yi sallama, in sayi wani abu, in ce, "Malam, ga amana nan, yanzu zan fito." Mutumin da ka gaisa da shi ka kira shi da mutunci yakan ɗaga murya idan ya ga baƙuwar fuska tana zagaya motarka, abin da ƙararrawar mota ba ta iya sa kowa ya yi, domin kowa ya saba da kukanta. A wajen wanki ina zama har a gama, ni nake matsar da ita da kaina, kuma a gareji ba na barin makulli ya kwana. Maigadin layinmu da 'yan sintirin unguwa sun san cewa babu wanda na taɓa aika ya ɗauki motar, don haka duk wanda ya zo da wannan zance a tsare shi a kira ni.

Kantin Kwari da Sabon Gari kuwa na daina zuwa da ita gaba ɗaya, adaidaita nake hawa. Ranar da ta zama dole in fita da ita wajen taro, ina isa da wuri in sami wuri kusa da ƙofa, in sa sandar sitiyari, in taɓa maɓallin Baba, in fito in danna rimot ina kallon fitilu, in ja da baya kaɗan da makullin a cikin gwangwani, sannan in dawo in ja hannun ƙofar da hannuna kafin in juya mata baya.