Scrivener, sana'ar kawuna ce ashe

Jiya da daddare ƙanwata mai karatun lauya ta turo min saƙo, wai "Yaya, meye scrivener? Akawu ne?" Na ce mata kusa dai, amma ba shi ba ne.

Tsohuwar kalmar Turanci ce, yanzu da wuya ka ji Bature ya faɗe ta a hira. Ta shigo musu ne daga tsohon Faransanci, tushenta kuma scribere na Latin, wato rubutawa. Ma'anarta mutumin da yake rubuta wa jama'a takardu a biya shi, takardar bashi ce, cinikin gida ne, wasiyya ce, ko ya zauna ya kwafe wa lauyoyi takardu da hannu. A Landan har ƙungiya gare su tun 1373 kuma tana nan har yau, mahaifin mawaƙin Ingilan nan John Milton ma da wannan sana'ar ya ci abinci. Inda kalmar ta fi saura yanzu bakin lauyoyi ne, musamman a Amurka, suna cewa scrivener's error idan mai rubutu ya yi tuntuɓen alƙalami, ya sa 1,000 a inda aka yi nufin 10,000. A nan ƙanwar tawa ta ci karo da ita.

Akawu kam ɗan ofis ne, yana da oga yana da albashi ƙarshen wata. Shi kuwa wannan na kowa ne.

Ina cikin yi mata bayani kawai sai kawu ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru yana zama gindin darbejiya a bakin wata kotu nan Kaduna da ɗan teburinsa da tafireta, masu takardar rantsuwa na layi, ga kuma tsofaffi masu son a rubuta wa 'ya'yansu wasiƙa Legas. In an ce masa akawu sai ya ce a'a, shi mai rubutu ne. Wallahi sirrin gidajen mutane da ya ji ba adadi, ban taɓa jin ya kawo ko ɗaya gida ba.

Na taɓa kai masa abinci daga Tudun Wada na tarar yana karanta wa wata tsohuwa abin da ya buga mata a hankali, da ya kai wani layi sai ya tsaya ya sassauta murya ya ce, "Iya, maganar ciwon ƙafar nan a bar ta ko a cire, kar hankalin yaron ya tashi?" Ta yi shiru can ta ce a cire. Ya zare takardar ya sa sabuwa, kuma kuɗin ɗaya ya karɓa.