Babban yatsan Hume

Jama'a, na ga abin dariya a Edinbura, babban birnin Sikotland. A titin Royal Mile akwai mutum-mutumin David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar, yana zaune da allo a hannu, ƙafarsa ba takalmi. Duk jikinsa ya dushe, amma babban yatsan ƙafar sai sheƙi yake, saboda ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido da ke shafa shi wai don neman sa'a.

Hume fa! Mutumin da ya ce don abu biyu sun saba zuwa a jere, ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Sabo ne kawai ke sa mu ɗauka haka. Yau ga masu jarrabawa suna jingina nasararsu da yatsansa.

A 1745 aka hana shi kujerar farfesa a jami'ar garin bisa zargin ba ya da addini. Ni ma ban yarda da shi a maganar addini ba ko kaɗan, amma tambayoyinsa suna da nauyi. Kant, wani masanin falsafa can a Jamus, ya ce Hume ne ya farkar da tunaninsa daga barci. Aminin Hume kuwa, Adam Smith, ya fitar da littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776, shekarar da Hume ya rasu.