Talata: ranar ƙarin ruwan Ummi a Jidda

Yau ce ranar ƙarin ruwan Ummi, 'yar Yayana, wanda ake yi mata duk bayan wata shida saboda cutar MS, ciwon da ke kama jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ni na raka ta, don Yaya ba ya iya zaman asibiti, mahaifiyarta kuwa da zarar ta ga an soka wa yarinyar allura sai hawaye. Bayan sallar asuba muka karya da shayi da tamis da ful, Yaya ya sauke mu a tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa a nan Makka. Da gangan na yanki tikitin sassafe. Alhazai sun watse, amma zafi yana nan daram, jikin Ummi kuma ba ya shiri da rana. In ta ɗan jima a cikinta, idonta na hagu sai ya yi hazo, ƙafa ta yi nauyi, uwar ta rikice ta ce ciwon ya dawo. Ba dawowa ya yi ba. Jijiyar da ta taɓa samun rauni ce ke kasa isar da saƙo idan jiki ya ɗau zafi, da an sha sanyi sai ta warware. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya rubuta wannan tun 1890.

Kafin hantsi mun isa Jidda. Nas ta auna ta, ta tambaya ko tana mura ko zazzaɓi, sannan ta ba ta maganin rigakafin ƙaiƙayi da kumburi kafin a ɗaura babban ruwan. Okirelizumab ne, miligiram 600, a hankali yake sauka, ana ƙara masa gudu kaɗan-kaɗan.

A kujerar kusa da mu akwai wata dattijuwa da ta rako ɗanta. Da ta ji muna Hausa sai ta juyo, muka gaisa, ashe 'yar Jidda ce, kakanninta daga Katsina. Ta dubi Ummi da kyau ta ce, "'Yata, wannan kuwa me ke damunta? Ga ta ƙalau." Wannan tambayar ce ta fi ci wa masu cutar MS rai, don ciwo ne da ba a ganinsa a fuska. Na ce, "Inna, kin san wayar lantarki da robar da ke lulluɓe da ita? Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka ma suna da irin wannan rufi, ana ce masa mayelin. Garkuwar jikinta ce ta juya tana cinye rufin, sai saƙo ya riƙa yankewa a hanya." Ta jinjina kai ta yi mata addu'a mai tsawo, har da tofi. Na ji daɗin addu'ar ƙwarai.

Maganin ƙaiƙayin yana sa barci. Kafin ya ɗauke ta, Ummi ta ɗaga ido ta dubi ledar ta ce, "Gwaggo, wai wa ya gano wannan abin?" Na fara ba ta amsa, ban kai rabi ba ta yi barci. Bari in ƙarasa a nan.

Wani likitan jijiyoyi ne a Amurka, Stephen Hauser. Yana matashin likita a Boston a shekarun 1970 ya ga wata budurwa da cutar ta lalata wa rayuwa cikin ɗan lokaci, ba kuma abin da za a iya yi mata. Daga nan ya kama wannan cuta ɗaya bai sake ta ba. A lokacin an shekara ɗari da 'yan kai da Jean-Martin Charcot ya siffanta ta a Faris a 1868, amma babu magani ko ɗaya da ke rage tashinta. Na farko, intaferon beta, sai a 1993 ya fito.

Abin da ke burge ni a tarihinsa shi ne inda ya saɓa wa jama'a. Kusan kowa a fagen ya tafi a kan cewa ƙwayoyin garkuwa nau'in T ne masu laifi, saboda abin da ake gani a jikin ɓeraye ke nan idan an haddasa musu makamanciyar cutar. Shi ma a kan wannan ya taso. Bayan ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 1992, shi da abokan aikinsa suka yi ta gwaji da wasu ƙananan birai, suka ga raunin da ke fita a ƙwaƙwalwarsu ya fi kama da na mutum, kuma akwai hannun antibodi a ciki, wato furotin ɗin kariya da zuriyar ƙwayoyin garkuwa nau'in B ke ƙerawa. Sai ya ce a gwada rituksimab, maganin da aka amince da shi tun 1997 don wata sankara, mai share ƙwayoyin B daga jini. Masu ba da kuɗin bincike ba su karɓi maganar da farko ba. Da aka samu aka yi gwajin a kan mutum 104, aka buga sakamakon a 2008, sababbin tabban da ke haskawa a hoton ƙwaƙwalwa na MRI sun ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Ga kuma wurin da ya fi taɓa ni. Maganin ya yi aiki, amma ba ta hanyar da ya yi zato ba. Saurin aikinsa ya yi yawa a ce antibodi ne suka ragu, don ba su ma ragu sosai ba. Ashe ƙwayoyin B ɗin ne da kansu ke zuga ƙwayoyin T. Ya fito ya faɗi haka a fili, ya bi inda sakamakon ya nuna. Okirelizumab, wanda ke sauka a hannun Ummi, daga wannan hanya ya fito, aka amince da shi a Maris 2017. Shi ne na farko da ya nuna amfani har ga masu nau'in da ke ta ci gaba ba tare da lafawa ba. Daga ganin waccan budurwa zuwa wannan leda, kimanin shekara arba'in ke nan.

Ni wannan ba labarin nesa ba ne a wurina, don a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Idan an ɗebo ruwan laka daga bayan majiyyaci, da jininsa ake turo mana tare. Mu jera su gefe da gefe, mu sa musu lantarki su rarrabu, mu rina. Sai ka ɗaga takardar a gaban fitila. Idan a layin ruwan laka ka ga siraran zane-zane a jere, layin jini kuma babu su, to garkuwar jiki tana ƙera antibodi a can cikin ƙwaƙwalwa. Tun 1942 wani masani, Elvin Kabat, ya lura da yawan wannan furotin a ruwan lakar masu cutar. Wato alamar ƙwayoyin B ta daɗe a gaban idon kowa, ana amfani da ita wajen gane cutar, ba a bi sawunta zuwa magani ba sai da wani ya nace.

A 2025 an ba Hauser babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough, tare da Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard. Shi Ascherio haƙurinsa wani iri ne daban. Shi da mutanensa sun bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, da jinin da aka ajiye nasu tsawon shekara 20. A Janairu 2022 suka nuna cewa haɗarin kamuwa da MS yana ninkuwa sau 32 bayan mutum ya kamu da bairos ɗin Epstein-Barr. Wannan bairos kusan kowane baligi yana ɗauke da shi, kuma a cikin ƙwayoyin B yake ɓuya. Me ya sa mafi yawanmu muke lafiya da shi, Ummi kuma ya zo mata da wannan, ana kan nema.

Da azahar na bar ta tana barci na je na yi salla. A hanyar dawowa ne abin da ya daɗe yana cina ya sake tasowa. An daɗe ana koyar da cewa wannan ciwon Turawan ƙasashen sanyi ne, baƙar fata ba kasafai yake kama shi ba. Likitan farko da ya ga Ummi da wannan tunanin ya sallame ta, ya ce gajiyar karatu ce. Alhali wani bincike a kudancin Kalifoniya a 2013 ya samu cewa mata baƙaƙe sun fi fararen mata kamuwa a can. A manyan gwaje-gwajen magungunan kuwa baƙaƙe 'yan ƙalilan ne. Sannan akwai wata cutar mai kama da ita, NMO, mai kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa a cikin masu asali da Afirka da Asiya. Vanda Lennon ce a asibitin Mayo na Amurka ta gano antibodinta a 2004, sai aka iya rarrabe su da gwajin jini. Rarrabewar ba ƙaramin abu ba ce, don intaferon da ke taimakon mai MS yana iya tsananta wa mai NMO. An yi wa Ummi wannan gwajin, alhamdulillahi babu. Amma 'ya'yanmu nawa ne a unguwannin Makka irin su Misfala da Jarwal da Shari'a Mansur ƙafa ta mutu musu ko ido ya dushe, aka ce iska ce ko sammu, ba a taɓa kai su ga na'urar MRI ba? Ba ni da rigima da ruƙiyya, Hajiyarmu kullum tana tofa wa Ummi a zamzam, ni ma ina tofawa. Rigimata da a tsaya a nan ne kawai, don kowane tashi na ciwon yana iya barin tabon da ba ya gogewa.

Ruwan ya ƙare da la'asar, aka riƙe ta awa ɗaya ana duba ta. Ba ƙaiƙayi, ba zazzaɓi. Muka jira rana ta yi sanyi kafin mu fita.

Da dare Yaya ya kira ni gefe. Dangin yaron da ke neman Ummi sun aiko suna tambaya ko za ta iya haihuwa. Na ga maganar ta yi masa nauyi. Na ce, "Yaya, ka faɗa musu gaskiya. Ciwon ba ya hana ciki. Tun 1998 wani babban bincike a Turai ya nuna tashinsa ma raguwa yake yi lokacin goyon ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, sai dai a kula sosai bayan haihuwa. Lokacin ɗaukar cikin ne za a tsara da likita saboda maganin." Ya ce, "Ke za ki zauna da matansu ki yi musu bayani." Na ce to, ranar Juma'a bayan la'asar.

Na daɗe ina juya maganar komawa karatun digiri na uku, yau na yanke. Abin da nake so in bi shi ne MS da NMO a cikin mutanenmu na Hijaz masu asali da Afirka ta Yamma: shekarun da ciwon ke fara musu, tsawon lokacin da suke ɗauka kafin a gane shi, da yadda jikinsu ke karɓar maganin ƙwayoyin B. Gobe ina aikin safe. Zan nemi ganin shugabar sashenmu in tambaye ta hanyar neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike, don ba a buɗe fayil ɗin majiyyaci ko ɗaya sai da shi, kuma ina bukatar likitan jijiyoyi da zai yarda ya sa sunansa tare da nawa a takardar.