Yunwar La'asar da Rubutun Bayan Leda

Laraba.

Yau kwana tara ke nan da likita ta auna ni ta ce jinina ya hau, sukarin ma ya kusa taka iyaka. Ba ta ɗora ni a kan magani ba tukuna. Wata uku ta ba ni in gyara cin abincina in koma. Na safe da na rana da na dare ba su ba ni wahala ba, tunda da hannuna nake dafa su, na san abin da na zuba a tukunya. Inda nake shan kaye shi ne tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, ina wurin aiki, lokacin da ciki zai fara kira, ido ya yi nauyi, hannu ya kai kan biskit ko lemon kwalba tun kafin tunani ya iso. Shekara da shekaru haka nake yi. Yau na ɗaura niyyar in nemo abin taɓa-ka-lashe da zai maye gurbinsu: mai furotin (sinadarin gina jiki) da yawa, mai ƙarancin sitaci da sukari da gishiri, wanda kuma aljihuna zai iya ɗauka kullum har ƙarshen wata.

Da safe kafin in fita na zauna da ƙaramin littafina na rubuta lambobin da zan riƙe a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Na ɗebo cokalin na zuba a tafin hannu na duba. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma shi ne na yini guda cur, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙulen miya da kayan gwangwani. A kan sukari kuwa, shawarar da hukumar ta fitar a 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci, haɗe da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), in ya sauka ƙasa da kashi 5 ma ya fi, wato kimanin giram 25, cokalin shayi shida. Sai furotin: abin da aka saba ba babba mai lafiya shi ne giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa. Nawa kilo 70 ne, ke nan giram 56 a yini. Na yanke cewa duk abin da zan ci da la'asar ya ba ni giram 10 zuwa 15 daga ciki.

Lokacin hutun rana ban tsaya cin abinci a ofis ba, na shiga babban kanti da littafina da wayata. Kai tsaye na nufi layin da aka jera kayan da aka buga wa "furotin" da manyan baƙaƙe a gaba. Na fi rabin awa a wurin ina juya ledoji ina karanta ƙananan rubutun da ke bayansu, kuma a nan raina ya fara ɓaci.

Na farko da na ɗauka irin sandar nan ce mai cakulan da masu motsa jiki ke ci. Furotin ɗinta ba laifi. Amma da na duba jerin kayan haɗi, sunayen zaƙi uku na gani a jere kusa da farko: ruwan gulukos, zuma, da sukarin kansa. Ƙa'idar jerin nan ita ce abin da ya fi nauyi a cikin haɗin shi ake fara rubutawa, a bi da mai bi masa. To idan aka raba zaƙin gida uku da suna uku, kowanne sai ya ɗan ja baya a layi, mai saye ya ɗauka babu yawa. Na ajiye ta. Na ɗauki busasshen naman leda. Wannan kam sitaci kaɗan, furotin jingim, har na fara murna. Sai idona ya kai kan layin sodiyam: ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya cinye kusan kwata na abin da aka yarje mini a yini. Ba abin mamaki ba ne, gishirin shi ke hana naman lalacewa. Na koma wurin firji na ɗauki ƙaramin kofin yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda a da nake sha ina jin na kyauta wa jikina. Na raba giram ɗin sukarinsa da huɗu, tunda giram 4 shi ne cokalin shayi ɗaya, sai ga cokali huɗu da ɗoriya. Gaskiya wani ɓangaren sukarin na madarar ne na asali, amma da na kwatanta shi da farin yogot da ke gefensa, na gane mafi yawa zuba shi aka yi.

Abin da na lura da shi a layin nan kaf shi ne, duk wanda aka rage wa abu ɗaya, an cike gurbin da wani. Wanda ba sukari ya sha gishiri, wanda ba gishiri an lafta masa zaƙi, wanda aka tsame wa mai an ƙara masa sitaci don ya yi kauri. Ɗaya ko biyu da suka tsallake duka sharuɗɗan nawa kuwa, kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da mutum zai ci kullum.

Abubuwa biyu sun kusa ruɗa ni, bari in rubuta su kada in manta. Na ɗaya, wasu kamfanonin sodiyam suke rubutawa, wasu gishiri, kuma ba ɗaya ba ne. Sodiyam kimanin kashi 40 cikin 100 ne na gishiri, don haka in an ga sodiyam sai a ninka shi sau biyu da rabi a samu gishirin. Na biyu, lambobin da ke bayan leda sau da yawa na abin da kamfani ya kira "ci ɗaya" ne, alhali ledar ci biyu ce ko uku, kuma babu wanda ke buɗe 'yar ƙaramar leda ya ci sulusi ya ɗaure sauran. Mafita ita ce a duba layin da aka auna da giram 100, in akwai shi. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya ya taimaka mini a nan: a giram 100 na abinci, gishirin da ya haura giram 1.5 ya yi yawa, giram 0.3 zuwa ƙasa shi ne kaɗan. Sukarin da ya haura giram 22.5 ya yi yawa, giram 5 zuwa ƙasa shi ne kaɗan. A Amurka kuma ba a yarda a rubuta wa abinci "mai ƙarancin sodiyam" ba sai in ci ɗaya bai wuce miligiram 140 ba.

Wata baiwar Allah dattijuwa da ke tura kwandonta ta tsaya ta dube ni da littafi a hannu, ta ce, "'Yata, ke ma likita ne ya aiko ki?" Na ce, "Ita ce, Baba." Ta ce ita shekararta shida tana wannan karatun, kuma yanzu ba ta ma bi ta layin nan sai in hanya ta ratsa da ita. Ta nuna mini can ƙarshen kantin da haɓarta, wajen ƙwai da ɗanyun kaya, ta wuce.

Can ɗin na nufa, kuma a can lissafin ya sauya. Na daina duba kuɗin leda, na koma duba kuɗin furotin ɗin da ke cikinta: in raba farashi da yawan giram ɗin furotin, in ga nawa giram ɗaya ya tsaya mini. Wannan ɗan lissafin na waya shi ne abu mafi amfani da na koya yau.

Ƙwai babba guda ɗaya yana da furotin kimanin giram 6, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba, sodiyam wajen miligiram 70. Biyu sun ba ni giram 12, daidai abin da nake nema, ba tare da an ƙara musu komai ba. Ɗanyar gyaɗa tana da wajen giram 25 a kowane giram 100, sodiyam ɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba in ba a barbaɗa mata gishiri ba. 'Ya'yan kabewa ɓararru sun kai giram 30, sai dai sun fi tsada, don haka kaɗan na saya na gaurayawa. Wanda ya ba ni mamaki shi ne busasshen waken suya: giram 36 a giram 100, sitacinsa kusan rabin na sauran wake, kuma a lissafina babu abin da ya kai shi araha a duk kantin. Kuɗin giram ɗaya na furotin a sandar cakulan nan ya ninka na waken suya sau da yawa. Na tsaya ina kallon wayar, na sake bugawa don in tabbatar ban yi kuskure ba.

Kifin gwangwani na daɗe ina juyawa. Furotin ɗinsa ya haura giram 20 a giram 100, ba sitaci, ba ya buƙatar firji kafin a buɗe, ga shi ya dace da aljihun tebur na ofis. Matsalarsa ruwan gishirin da ake jiƙa shi a ciki. Na samu na cikin ruwa zalla mai rangwamen sodiyam, na ɗauki gwangwani biyu, da niyyar in tsiyaye ruwan in ɗauraye kifin kafin ci, don hakan yana rage gishirin. Cuku na bar shi, yawancin waɗanda na duba gishirinsu ya yi mini yawa. Gasasshen wake mai ƙamas-ƙamas na leda ma na bar shi: furotin akwai, amma sitacin ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yogot mai kauri, wanda ake kira na Girka, yana da wajen giram 10 a giram 100, fiye da ninki biyu na farin yogot na yau da kullum, amma da tsada. Asalinsa dai yogot ne da aka tace ruwansa. Sai na sayi babban bokitin fari marar sukari in gwada tacewa da kaina.

Na koma ofis a makare kaɗan. Ƙarfe huɗu saura yunwar ta zo kamar yadda ta saba. Ba ni da abin da na dafa tukuna, sai na buɗe 'ya'yan kabewan na ci cikin tafi ɗaya, na bi da ruwa kofi biyu. Bakina ya nemi zaƙi, ba zan ɓoye ba, kuma na fi minti goma ina tunanin biskit ɗin da ke teburin maƙwabciyata. Amma kasalar nan da ke saukar mini wajen ƙarfe biyar, bayan zaƙin ya gama aikinsa ya sake ni, yau ban ji ta ba. Rana ɗaya ba ta isa shaida ba, na dai rubuta.

Da daddare kicin ya zama wurin aiki. Na dafa ƙwai shida, na bar su da ɓawonsu na sa a firji, inda za su iya kai mako guda. Na zauna na tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yanƙwane ko ta sauya launi ko ta nuna alamar funfuna na zubar, saboda gubar afalatoksin da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana cutar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Na gasa sauran a busasshen kasko ba mai ba gishiri, na barbaɗa garin tafarnuwa da barkono kaɗan. Waken suyan na jiƙa shi ya kwana, gobe in tafasa in tsane in gasa, don ɗanyensa ba ya ciwuwa, sai ya dahu sosai. Yogot ɗin kuma na shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, na juye shi, na ɗora a kan kwano cikin firji. Kafin in gama wanke-wanke har ruwan ya fara ɗiga. Zai ragu kusan rabi, dole in sa wannan a lissafin kuɗinsa, amma ko da hakan ya fi na kanti sauƙi.

Ina cikin haka Yaya ta kira. Ita ma'aikaciyar jinya ce, sai na zayyana mata duk abin da na yi. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, amma ki riƙe abu uku. Gyaɗa mai gare ta, tafi ɗaya kalori 160 ne ko fiye, kada ki ajiye kwalbar a gabanki kina aiki, ki auna ki rufe. Dafaffen ƙwai kada ya wuce awa biyu a waje, ki sa a firjin ofis da zarar kin isa. Sannan kada ki kwashi wannan tsarin ki kai wa Mama." Na ce, "Me ya sa, Yaya? Ai ita ma hawan jinin gare ta." Ta ce Mama ƙodarta ta yi rauni, mai ciwon ƙoda kuwa ba a ƙara masa furotin sai da izinin likitansa. Ta kuma ja kunnena a kan gishirin nan da ake sayarwa a madadin na gaske, wanda aka haɗa da fotasiyam: yana da amfani ga mutane da yawa, amma yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan hawan jini. Wallahi da na yi niyyar saya wa Mama shi ranar Asabar. Na gode Allah da ta kira.

Bayan mun ajiye waya na ɗanɗana gyaɗar da ta huce. Salam na ji ta da farko, harshena yana laluben gishiri bai samu ba. A ta huɗu ko ta biyar sai na fara jin ɗan zaƙin gyaɗar kanta da ƙamshin gashin, abin da na daɗe ban lura da shi ba. Likita ta ce harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, zan gani.

Na auna gyaɗar a ƙananan mazubai biyar, giram 28 a kowanne, na jera su a kan kanta. Na gobe: ƙwai biyu, kokwamba rabi da lemon tsami, mazubin gyaɗa ɗaya in yunwar ta yi gardama. Na rubuta a murfin littafin in tashi da wuri saboda waken da ke jiƙe.